Sunan Wanda Ya Zana

Da bizar umara muka shiga ƙasar, ni da Mai sunan Malam, kuma ejan ɗin da ya kawo mu ya sani sarai ba da niyyar komawa muka zo ba. A Makka ya karɓe mana fasfo, wai zai kai a buga wani hatimi. Ya ɗauko mu a mota zuwa Jidda, ya sauke mu a ƙofar wani masallaci a unguwar Kurayyat, ya ce mu jira shi ya sayo ruwa. Ban sake ganinsa ba. Mutumin garinmu ne. Na san uwarsa, na je sunan 'ya'yansa.

Mai sunan Malam ɗana ne na fari. Sunan surukina aka sa masa, saboda haka kunya biyu ce ta hau kaina, ta ɗan fari da ta suruki. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya girma. Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cewa ɗana ne a gaban mutane ba, kuma a Malumfashi babu mai ganin aibun haka. Wadda ta yi akasinsa ita ake wa kallon marar kunya. Da mahaifinsu ya rasu ya bar ni da ƙannen yaron, na yanke shawarar tafiya aikatau, shi ne ya ce ba zan je ƙasar mutane ni kaɗai ba. Ya rufe 'yar rumfarsa da yake rubuta allunan shaguna da zanen jikin manyan motoci, ya biyo ni.

A ƙofar masallacin nan Hajja Batul ta tsince mu bayan la'asar. Bahaushiyar Sudan ce, amma a Jidda aka haife ta, tana sayar da turaren wuta da lalle a bakin titi. Ta dube mu, ta dubi jakunkunanmu, ta tambaya ko mu ma ruwa aka tafi sayo mana. Da na ce e, ta yi dariya har ta dafa bango. Ta ce wannan rijiya tana da nisa, ta san waɗanda suka yi furfura suna jira.

"Yalla, tashi 'yar uwa. Ɗauki kayanki."

Ta ba ni shimfiɗa a ɗakinta, shi kuma ta nema masa wuri a saman bene inda wasu samari 'yan Nijar suke kwana. Ta tambayi sunansa, na ce Mai sunan Malam. Ta ce wannan ai labari ne ba suna ba, ta gutsure shi ya koma Maisuna. Da wannan duk Kurayyat ta san shi.

Gidajen da na fara yi wa aiki ban daɗe a cikinsu ba. A ɗaya an ware mini kofi da cokali an ɗaura musu zare, kada su haɗu da na 'yan gida. A wani yara suna kirana takruniyya, sunan raini da suke wa baƙar fata, a gaban uwarsu, tana jin su tana danna waya. Nakan tsaya a wurin wanke-wanke in tuna tsakar gidanmu da hantsi, ana sussuka, kowa ya san sunan kakar kowa. Daga baya Hajja Batul ta samo mini gidan wani tsohon likita a Ruwais, ana ce masa Duktur Salih, shi da matarsa su kaɗai, 'ya'yansu sun watse.

Ranar farko matar ta tambaye ni ko Ummu wa ake ce mini. A can mace da sunan babban ɗanta ake kiranta, abin alfahari ne a wurinsu. Na ba ta sunan na biyu. Na zama Ummu Sani.

A gidan akwai wani ɗaki da na'urar sanyi ba ta mutuwa a cikinsa. Akwatuna ne jere a kan kanta, cike da wasu siraran littattafai, kowanne a cikin ledarsa. An hana ni shiga da ruwa ko da jiƙaƙƙen tsumma. Littattafan labarin zane ne na Amurka, tsofaffi, takardarsu ta yi ja. A bangon kowanne akwai wani ƙato da matsattsun kaya da alkyabba a baya, yana naushin wani ko yana ɗaga abin da ya fi ƙarfin mutum. Duktur ya tara su tun yana karatu a can. Da safar hannu yake taɓa su. Matarsa ta ce da su ya fi hira.

Wata rana na'urar ta yi yoyo ta jiƙa wasu akwatuna, rubutun jikinsu ya goge. Hannun Duktur yana rawa, ba ya iya rubutu mai kyau. Na ce masa akwai wani yaron gidanmu da ya iya rubutu da Turanci. Haka na ce, yaron gidanmu. Ba ƙarya na yi ba, haka muke faɗa.

Lokacin Mai sunan Malam yana wankin mota a bakin titi, yana gudu duk sanda aka ce ga jawazat, wato masu kamen marasa iƙama, takardar izinin zama. Ya zo ya yi rubutun. Kafin ya gama, Duktur ya same shi ya juya wani guntun kwali yana kwaikwayon hoton da ke bangon wani littafi da biro. Tsohon ya riƙe kwalin ya daɗe yana kallo. Tun daga ranar ya ce ya riƙa zuwa yana taya shi jera littattafan. Ya Muhammad yake kiransa. A can duk baƙon ma'aikaci Muhammad ne, daga mai shara har mai gyaran famfo.

Wannan shi ne lokaci mafi daɗi da muka yi a Jidda. Ranar Juma'a nake samun hutu. Bayan an sauko daga masallaci sai in tuƙa tuwo a gidan Hajja Batul, shi kuma ya zo ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗan ba ni gefe kamar yadda ya saba, yana ci yana ba Hajja labarin abin da Duktur ya koya masa. Da ita yake magana, amma na san don ni yake ɗaga murya.

A bakinsa na ji yadda abin ya faro. Ya ce da farko masu maɗaba'a tattara zanen ban dariya na jaridu suke yi su sake bugawa a takarda mai araha. Da wannan ya ƙare musu, sai suka shiga sayen sababbin labarai a hannun samari masu neman abin da za su ci. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu aka fito da jarumi mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, yara suka yi wawaso, sai kowace maɗaba'a ta ce ita ma sai ta yi nata. Kafin a ankara sun cika kasuwa. Wani gudu, wani wuta, wani a ƙarƙashin teku yake, wani ba shi da komai sai wayo da abin rufe fuska.

Hajja Batul ta karɓi hoton da ya nuna mata a waya, ta kawo shi kusa da ido, ta tambaya me ya sa bawan Allah ya ɗora ɗan kamfai a kan wando, ko ba shi da mata ne ta gaya masa. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce kayan 'yan wasan nuna ƙarfi ne na wancan zamani, masu ɗaga ƙarfe a dandali, da an ga shigar an san mai ƙarfi ne. Ta ce to ita a Kurayyat in ta ga mai wannan shiga ruƙiyya za ta sa a yi masa.

Abin da ya fi burge shi shi ne jaruman farko-farko. Ya ce su ba da dodanni suke faɗa ba. Mugun mai gidan haya suke kamawa, da mai ramin haƙar kwal da ba ya gyara ramin, da mai dukan matarsa. Kuma kowannensu da rana mutum ne da ba a kulawa da shi, ana tura shi aike, ana yi masa tsawa, babu wanda ya san ko shi waye. Ya ce ba mamaki, domin yawancin masu zanen 'ya'yan baƙin haure ne, iyayensu teloli da masu wanki, wasu har suna suka canja don a ba su aiki. Da aka shiga yaƙi kuma sai aka sa wa jaruman tutar ƙasa a ƙirji aka tura su fagen fama. Aka haɗa musu yara masu rakiya don yara masu karatu su ga kansu a ciki, aka fito da jarumai mata, aka tara wasu a teburi ɗaya suka zama ƙungiya. Hajja ta ce wato su ma da gwamnati ta gan su da ƙarfi sai ta ɗauke su aiki, aka manta da mai gidan haya. Ya ce wallahi Hajja kin fi Duktur fahimta.

Akwai ranar da ya zo bai ci da yawa ba. Ya ce Duktur ya ba shi labarin yadda ake aikin. Ɗaki ne guda a jera tebura, wannan ya zana da fensir, ya miƙa wa na gaba ya bi da tawada, wani ya rubuta maganganu, wani ya sa launi. In an gama, sunan mai ɗakin ake sawa, ko wani sunan da babu mai shi. Wasu sun sayar da jarumin da suka ƙirƙira tare da shafukan farko, a kan abin da bai kai ya kawo ba, suka tsufa cikin talauci suna ganin yara sanye da rigar abin da suka zana. Ya ce Duktur har hawaye ya yi yana faɗa. Ni ma na ji tausayinsu, mutanen da ban sani ba, a ƙasar da ban taɓa gani ba.

A ɗakin littattafan nan Fawwaz ya gan shi. Fawwaz ɗan ƙanin Duktur ne, saurayi mai fara'a da turare mai tsada. Yana da wani ɗaki a saman wata maɗaba'a a Madain Fahd, yana so ya fitar da littafin jarumi ɗan Jidda, amma a yi shi da irin zubin na da, launi huɗu da ɗige-ɗige, kamar tsohon littafi. Yana da kuɗi, yana da baki, bai iya zane ba. Ya ce wa Mai sunan Malam ya zo su yi tare, in littafi ya fito sunansu biyu ne a bango, kuma zai nema masa kafili, ɗan ƙasa mai tsaya masa, ya yi masa iƙama.

Ban so ba. Zanen mai rai bai taɓa kwanta mini ba tun a gida. Amma na ga yadda yake tafiya a kwanakin nan, kamar an sauke masa kaya, na ƙyale shi.

Shi ya ƙirƙiro jarumin. Mai ga-ruwa ne a tsohuwar Jidda, zamanin da ake sayar da ruwa a garwa, yana bin lunguna ana raina shi. In an zalunci wani sai ya ajiye sandar, ya naɗe hannunsa na dama da igiya. Ya nuna mini shafin farko a waya. Ɗaurin 'yan dambe ne, da tsayuwarsu, ƙafa ɗaya gaba, hannun hagu a miƙe. Fuskar kuwa ta mahaifinsa ce, har ɗan karkacen hancin. Na miƙa masa wayar na ce tuwo zai huce.

Babu tebura a jere a ɗakin Fawwaz. Mai sunan Malam kaɗai ne ya yi fensir, ya yi tawada, ya yi launi. Warin sinadarin maɗaba'a yana hawowa ta matakala, taga a rufe saboda kada a ga mutum a ciki. Yana da ciwon ƙirji tun yana ƙarami, sai ya dawo masa. Ya daina zuwa cin tuwon Juma'a. In na kira ya ce saura kaɗan, Yaya. Maganar iƙama kullum bukura, wato gobe, in sha Allah. Na ce ya je asibiti, ya ce da wace takarda. Ya sayi abin shaƙa a kantin magani ya ci gaba.

Ya miƙa shafin ƙarshe a farkon mako. Kafin Juma'a ta zagayo ya faɗi a matakalar gidan da yake kwana, da hantsi, yana saukowa. 'Yan Nijar ɗin nan suka ɗauke shi a motar wani mai kayan miya. Bai kai ba.

Ba zan faɗi yadda na ji ba. Dattawan unguwa suka yi ɗawainiyar takardu, Allah ya saka musu. Aka yi masa salla aka kai shi. Mata ba sa zuwa maƙabarta a can, kuma ba a rubuta suna a kan kabari. Na tambayi ɗaya daga cikin waɗanda suka kai shi ko zai iya gane wurin. Ya sunkuyar da kai ya ce duk iri ɗaya ne, Hajiya. Mata suka zo gaisuwa, wasu suna ce mini ya haƙurin rashin ƙane. Duktur ya aiko da shinkafa da katan ɗin ruwa, ya ce a gaya wa iyayen yaron yana yi musu ta'aziyya. Fawwaz bai zo ba, bai aiko ba.

Bayan wasu watanni ina goge teburin falo na ga littafin a kai. Mijina ne yake kallona daga bango, da hannu a naɗe. A ƙasa an rubuta suna da manyan baƙaƙe, da Larabci da Turanci. Karatuna bai yi nisa ba, amma ya isa in karanta suna. Na duba gaba, na duba baya, na bi shafi-shafi har inda aka gode wa maɗaba'a da wanda ya ɗauki hoton Fawwaz. Suna ɗaya ne.

Kabari babu suna, littafi babu suna. Mutum ya zo duniya ya yi aiki har aikin ya ci shi, a ce babu inda za a nuna a ce ga shi nan.

Na gaya wa Hajja Batul zan je. Ta ce in tuna ba ni da iƙama, kuma mutumin nan waya ɗaya zai buga. Na ce na tuna. Ta ɗauki abayarta tana mita, ta ce ita dai tun ranar da ta tsince ni ba ta huta ba.

Fawwaz ya karɓe mu a tsaye. Hajja ta yi masa bayani da Larabcinta mai kyau, cewa ga mahaifiyar wanda ya zana littafin, ba kuɗi take nema ba, so take a sa sunansa in za a sake bugawa. Ya ce Muhammad ma'aikaci ne, ya taimaka da wasu 'yan gyare-gyare, Allah ya ji ƙansa. Sannan ya dube ni da kyau ya ce ba wannan ce shaggalar gidan amminsa ba, wato mai aikin gidan baffansa? Ai Ummu Sani ake ce mata. Kuma ita da bakinta ta ce yaron gidansu ne. Yaushe ya zama ɗanta, da ya mutu ko da littafi ya fito?

Ya jingina da tebur ya harɗe hannu.

"Tayyib. Uwarsa ce? Ta faɗi sunansa."

Larabcin nan na ji shi, ban jira fassara ba. Na buɗe baki. Sunan yana nan, ni na ji an raɗa shi ranar suna daga bayan labule. Amma shekara kusan talatin harshena yana kauce masa, kuma ga wani ƙato yana murmushi yana jira in faɗa kamar mai amsa tambayar ɗan sanda. Abin da ya fito shi ne Mai sunan Malam.

"Faɗi mana, Ummu Sani," in ji Hajja a hankali. "Ni Maisuna na sani. Faɗi, don Allah."

Ban iya ba. Ta juya tana yi masa bayanin al'adarmu, cewa mace ba ta kiran sunan ɗan fari, ita ma kakarta haka take. Ya yi dariya sosai. Ya ce ya ga 'yan damfara iri-iri, amma bai taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba. Ya ɗaga wayarsa ya nuna mana, ya ce halas, mu sauka tun yana ganin mutuncin amminsa.

A mota, da muka kusa gida, Hajja ta juyo gare ni. Ta ce ita ba ta ga laifina ba, amma kunyar nan a garinmu take da daraja, a nan ko ruwa ba za ta saya mini ba.

Washegari na sami Duktur a ɗakin sanyi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce masa da guntun Larabcina, yaron nan ɗana ne, ni na haife shi. Ban taɓa faɗin haka ga kowa ba. Ya cire tabarau, ya yi salati, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ya sani sarai wa ya yi zanen, hannun ba ya ɓuya. Na ce to ya yi wa ɗan ƙaninsa magana.

Ya daɗe yana gyara safar hannunsa. Ya ce abin na iyali ne, yana da wuya. Ya ce in an sa sunan wanda ba shi da iƙama, za a tambayi Fawwaz yadda aka yi ya ɗauke shi aiki. Ya ce zai sa a kafa na'urar ruwan sha a masallaci, ladan ya je wa mamacin. Sannan ya nuna akwatunansa ya ce haka sana'ar nan ta faro, ya Ummu Sani, su ma waɗancan sai bayan shekaru masu yawa aka mayar wa wasunsu da sunayensu, gaskiya ba ta ɓata.

Na ce masa ni ba ni da shekaru masu yawa.

Mutumin da ya yi wa matattun Amurka kuka ke nan. Ya san sunan kowannensu, har wanda aka goge ya binciko. Na tsaya ina jira ko zai tambaye ni sunan nawa. Bai tambaya ba. Na je na ƙarasa wanke-wanke.

A bakin matarsa na ji za a yi baje kolin littattafai a wani babban zaure kusa da teku, kuma Fawwaz zai zauna yana sa wa mutane hannu. Na tambayi Hajja yadda ake yi. Ta ce ka sayi littafi, ka bi layi, in ka iso ya tambaye ka sunan wa zai rubuta. Na ce ta maimaita. Ta maimaita, sannan ta dube ni ta ce la haula, wannan matar za ta sa a kwashe mu zuwa tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida.

Muka je bayan la'asar. Akwai masu tsaro a ƙofa, amma jaka kawai suka duba. Na sayi littafin. Layin yana da tsawo, samari da 'yan mata da iyaye da yaransu, wasu yaran sun naɗe hannu da igiya. An kafa hoton jarumin ya fi mutum tsayi. Fawwaz yana gaya wa wani mai kyamara cewa naɗin hannun nan daga kakansa ya samo shi, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa. Na sa niƙabi, amma ko ban sa ba ba na jin zai gane ni. Ba fuska suke kallo ba.

Muka iso. Ya karɓi littafin bai ɗago ba, ya buɗe shafin farko, ya ɗora alƙalami.

"Da sunan wa, ya khala?" Haka suke kiran babbar mace, kamar a ce inna.

"Haruna Isiyaku."

Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. Hajja ta kama gefen abayata. Ya ce in sake faɗa a hankali, sunan baƙo ne a kunnensa. Na sake. Ya rubuta, ya tambaya ko haka ne, ya juyo mini da shafin. Na ce haka ne. Ya ƙara wasu kalmomi a ƙasa, ya sa hannu, ya yi murmushi ya miƙo mini. Ya ce in gaishe shi, yana fata zai ji daɗin littafin.

Wata da watanni suna ɗaki ɗaya. Bai san sunan ba.

Na karɓi littafina na riƙe shi da kyau. Na ce wa Hajja ta fassara, kuma kada ta rage komai. Na ce wannan da ka rubuta shi ne ya zana littafin nan tun daga bango har bango. Ɗana ne na fari. Ya mutu da warin maɗaba'arka a ƙirjinsa. Fuskar nan ta ubansa ce. Ban yafe ba.

Hajja ta fassara, da muryar da take kiran masu sayen turare daga tsallaken titi. Na kusa da mu suka juyo. Fawwaz ya dubi littafin da ke hannuna, ya miƙo hannu kamar zai karɓa, ya fasa. Ya ce wa masu tsaro matar ba ta da lafiya. Suka raka mu waje, ba su taɓa mu ba, ba su tambayi takarda ba. Ɗayansu ma ya tsayar mana da mota.

Kafin mu isa Kurayyat matar Duktur ta bugo ta ce kada in dawo, za a aiko mini da kayana. Yanzu ina aiki a wani gida a Madain Fahd, ina kula da wata tsohuwa da ba ta tashi. In an aike ni kantin magani ta gaban maɗaba'ar nake wucewa. An sake buga littafin, na gani a hannun jikan tsohuwar. An ƙara masa shafuka a baya, masu bayanin tarihin jaruman farko da yadda aka zalunci masu zana su. Duktur ne ya rubuta. Sunan bango yana nan yadda yake.

Na san wasu a gida za su ce na zubar da kunya, na kama sunan ɗan fari da na suruki a tsakiyar maza, yanzu kuma ga shi na rubuta. Su faɗa. Sunansa Haruna Isiyaku, mutumin Malumfashi. Shi ya zana.